Da Muguwar Rawa Gara Ƙin Tashi

Duk wanda ya taso a ƙasar Funtuwa ko ta Malumfashi, a gidan da ake kwana cikin soro, ya san al'adar nan ta duban rufi. In bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa daga gabas, maigida ya kan kirawo magini. Magini na kirki kuwa ba ya tsayawa tsakar gida yana yaba kyan yaɓe. Ɗaki ya kan shiga da guntun sanda a hannu, ya bi azara ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa yana kasa kunne. Wadda ta amsa da ƙarfi ya wuce ta, wadda ta yi amon holoƙo ya tsaya a kanta. Ko da ya ke azarar giginya ta yi suna wajen jure wa gara, in ta yi shekara da shekaru tana shan laima sai ta ruɓe, kuma ruɓar ta kan fara ne daga inda kanta ya nutse cikin bango, wurin da ido ba ya kaiwa. Sau da yawa ɗakin da ya fi kowanne kyan zane a waje shi ne ya kan rufta wa mutane cikin Agusta.

Na kawo wannan ne domin in yi magana a kan wani abu da mutanenmu suke ɗauka ya yi nisa da su, watau fiffiken jirgin sama. A ganina ilmin magini da na mai gyaran fiffike ilmi guda ne, kuma halin da ke sa rufi ya faɗi shi ne ke sa fiffike ya ɓalle. Sai dai soro ya kan yi gargaɗi, ƙasa ta riƙa zubowa, mutum ya kwashe 'ya'yansa ya fita. Wanda ya ke ƙafa dubu bisa gonakin Bakori kuwa ba shi da ƙofar fita.

Jirgin sama bai fara da ƙarfe ba. Wanda 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, suka tashi da shi ran 17 ga Disamba 1903, itace ne aka ɗaɗɗaure da waya, aka lulluɓe da farin yadin auduga. Haka nan jirage ukun nan na mayaƙan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka Kano ran 1 ga Nuwamba 1925, fikafikansu na itace ne da yadi. Saboda haka mu da kakanninmu suka yi ta kai auduga injinan gurza na B.C.G.A. a Funtuwa da Malumfashi, bai kamata abin ya zama mana baƙo ƙwarai ba. Zare irin namu ya taɓa ɗaukar mutum sama.

Daga baya ilmin ya matso kusa da mu. A 1964 aka kafa makarantar koyon aikin jirgin sama a Zariya, wadda ke horar da matuƙa da injiniyoyi. A Kaduna kuma, daga wajen 1989, aka harhaɗa wani ƙaramin jirgi mai kujera biyu domin koya wa sojan sama tuƙi. Tsarinsa an ɗauko shi ne daga wani jirgin Amurka da ake sayarwa gunduwa-gunduwa mutum ya haɗa da kansa, aka sa masa suna Air Beetle, watau buzuzun sama, kuma guda 60 aka yi odarsu. Hannayen 'yan ƙasar nan ne suka ɗaura fikafikansu.

Akwai kuma wani iri wanda ya fi wannan ƙanƙanta, shi ne abin da zan fi magana a kansa. In ka gan shi a ƙasa sai ka ce rumfar kasuwa ce aka sa wa ƙafafu. Bututan alminiyam ne, ƙarfen nan mara nauyi da ake tukwane da shi, aka haɗa da notuna da igiyoyin waya, aka sa musu rigar wani yadi na roba, sa'an nan aka ɗora ɗan inji wanda bai fi na babban babur ba. A Amurka, bisa dokar da suka yi a 1982, in irin wannan jirgi bai kai kilo 115 ba, ba ya ɗaukar mai fiye da galan 5, kuma mutum ɗaya kaɗai ke hawansa, to, ba a neman lasin wurin matuƙinsa, ba kuma a neman takardar shaidar lafiyar jirgin. Ma'anar wannan ita ce, mai jirgi shi ne alƙalin kansa. A ƙasarmu ba a tashi da jirgi sai da iznin hukumar kula da jiragen sama, amma duk da haka hukuma ba ta kwana a rumfar da aka ajiye shi. Mai shi ne ke kwana kusa.

Ni aikina na ofis ne, riƙon rajista da rubuta lissafi, kuma ta wannan hanya Allah ya nufe ni da ganin cikin fiffike. Wani attajirin manomi na yankinmu yana da irin wannan jirgi, ya saye shi a hannun wani baƙo da ya taɓa riƙe wata babbar gona, wanda ya kan hau shi ya zaga ya duba shuka. Jirgin ya shekara shida a rumfar kwano, gefe guda buhunan takin zamani, gefe guda masara. Da ɗansa ya komo daga karatu da sha'awar tuƙi, sai ya matsa a tayar da shi. Alhaji ya aika Kaduna aka zo da wani dattijon injiniya wanda ya yi ritaya daga sojan sama, ya kuwa yi aiki a kan buzuzun nan. Ni aka ce in zo da littafi in rubuta abin da za a saya.

An wanke jirgin tun kafin baƙo ya iso, yana ta ƙyalli, yara sun kewaye shi. Injiniya ya gaisa da jama'a, bai ko dubi inji ba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, in inji ya mutu a sama, fiffike ya kan sauko da mutum a hankali, ya nemi fili ya sauka. In fiffike ya mutu, babu injin da zai sauko da shi. Da fiffike za mu fara."

Ya fara da rigar. Ya fito da wani ɗan ma'auni mai allura a baki, ya soka a yadin ya ja, yana duban lambar da ta nuna. A ƙarƙashin fiffike yadin ya jure. A sama kuwa, daidai inda kwano ya ɓule rana take sauka kullum, tun bai ja da ƙarfi ba yadin ya kece kamar tsohuwar takarda. Ya bayyana mana cewa rana ita ce babbar abokiyar gabar wannan yadi. Ta kan cinye ƙarfin zaren a hankali, ido kuwa ba ya ganin kome sai ɗan koɗewar launi. Zaren ɗinki ma haka, ya sa farce ya karce wani layi, sai ga shi yana marmashewa.

Sa'an nan ya koma ga igiyoyin waya. Ya ɗauki tsumma ya naɗe a waya, ya ja daga wannan kai zuwa wancan. Inda tsumman ya sarƙe, nan sili ya tsinke. Ya ce igiyar da sili ɗaya ya tsinke a cikinta ta gama aiki, gama 'yan'uwansa sun sha wahalar da ya sha, saura kaɗan su bi shi. Ya fi tsananta dubawa a bakin mariƙi, inda aka matse wayar, domin nan ne take lanƙwasa kullum, nan ne kuma ruwa ke maƙalewa.

Bayan wannan ya ce a tuɓe wa fiffike rigarsa gaba ɗaya. Nan ne gardama ta fara, domin aikin na yini guda ne, ɗan Alhaji kuwa yana ɗokin jin ƙarar inji. Dattijon bai ɗaga murya ba, ya ce shi dai bai iya duban abin da ke rufe ba. Aka tuɓe. Sai ga ƙasusuwan a fili: manyan bututu biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, waɗanda su ne azarar fiffike, da ƙananan da suka gilma kamar haƙarƙari, da tokaran da suka taso daga gindin jirgi suka riƙe fiffike a tsakiya. A cikin bututun baya muka tarar da sheƙar ɓera, a wani lungu kuma zanzaro ya yi gini. Ya haska tocila cikin bututun, ya zura ɗan madubi a kan sanda, ya kira ni ya ce, "Malam, zo ka gani, don ka san abin da za ka rubuta." Na ga wani farin gari kamar toka ya bi cikinsa, ƙarƙashin garin kuwa ƙarfen ya yi ƙananan ramuka. Ashe alminiyam ba ya jar tsatsa irin ta garma, tasa tsatsar fara ce. Fitsarin ɓera da gishirin takin zamani da laimar damina su suka haɗu suka yi wannan aiki, kuma ɓarnar ta fi yawa inda notin baƙin ƙarfe ya taɓa alminiyam, domin in ruwa ya shiga tsakanin ƙarafa biyu mabambanta, ɗaya ya kan ci ɗaya.

Wurin da ya fi daɗewa shi ne mahaɗar tokari da bututun gaba. Ya kwance notin, ya duba ramin, ya ga ya daina zama da'ira, ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Ya goge wurin sarai, ya shafa wani jan ruwa, ya jira, ya goge, ya fesa wani farin gari. Muna tsaye sai ga wani jan layi siriri kamar gashi ya fito daga bakin ramin, tsawonsa bai kai rabin inci ba. Jan ruwan ya shige cikin tsagar da ido bai gani ba, farin garin ya tsotso shi waje. Kowa ya yi shiru.

Ya kamata in tsaya nan in bayyana abin da ke kawo irin wannan tsaga, yadda ya koya mana. In jirgi yana sama, iska tana tura fikafikai sama, nauyin jirgi da na mutum yana ja ƙasa. In ya sauka, abin ya juye. Kowace iska da ta buge shi, musamman da tsakar rana cikin bazara sa'ad da zafi ke tashi daga ƙasa, fiffike ya kan ɗan lanƙwasa ya koma. Kowane yaro ya san in yana son ya tsinke waya ba shi da almakashi, sai ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta rabu. Wannan shi masana suke kira gajiyar ƙarfe. Ta kan fara ne daga bakin rami ko wurin da aka karce, ta riƙa tafiya kaɗan-kaɗan a kowace tashi, har ran da sauran ƙarfen ya kasa ɗaukar kayan, ya karye gaba ɗaya. Kuma ƙarfe ba ya hutawa ya warke kamar jikin mutum. Gajiyar da ya tara tana nan ko ya shekara goma a ajiye.

Ba ƙananan jirage kaɗai wannan cuta ke kamawa ba. Ran 19 ga Disamba 2005, a Mayami ta Amurka, wani jirgi mai sauka a kan ruwa, wanda aka ƙera tun 1947, ya tashi da mutum 20. Bai yi nisa ba fiffikensa na dama ya ɓalle, ba wanda ya tsira. Da masu bincike suka duba, sai suka tarar an daɗe ana ganin mai yana yoyo daga wannan fiffike, ana liƙewa, ana kuma yi wa fatar waje faci, ba a bi tsagar zuwa ƙasusuwan ciki ba. Watau an yi ta sabunta yaɓe, azara tana ruɓewa. Kada kuma a ce tsufan shekaru ne kurum. Ran 4 ga Afrilu 2018, a Daytona ta jihar Fulorida, fiffiken hagu na wani jirgin koyon tuƙi ya rabu da shi, ɗalibi da mai jarraba shi suka rasu. Jirgin nan shekararsa 11 kacal, amma ya sauka fiye da sau 30,000, tsagar kuwa daga ramin noti ta fara. Saboda haka shekarun fiffike ba a kalanda ake ƙidaya su ba, a littafin aikinsa ake ƙidayawa.

To, da Alhaji ya ga jan layin nan, sai ya ce, "Malam Injiniya, ai abin kaɗan ne. Akwai mai walda a Funtuwa wanda ba abin da ya gagare shi, a kai masa ya ɗiga." Dattijo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, mai waldan gwani ne a kan aikinsa, amma wannan bututu da wuta aka ba shi ƙarfinsa tun a masana'anta, bisa wani ma'auni. In wuta ta sake taɓa shi sai ya yi laushi a wurin, ya fi da haɗari. Wanda ya lanƙwashe ma ba a miƙe shi. Ba a kuma sa masa notin kasuwa, ko da ya yi kama da nasa. Magani ɗaya ne, a cire a sa sabo daga wurin waɗanda suka ƙera shi, a kuma binciki ɗan'uwansa na ɗaya gefen, gama tare suka yi wahala."

Na lissafa abin da ya faɗa: bututun gaba biyu, na baya ɗaya, igiyoyin waya duka, notuna, da sabuwar riga. Da aka kimanta kuɗin, sai wani daga cikin mutanen Alhaji ya matso ya ce a rage asara, a mayar da rigar, a fesa fenti, a sayar wa wani can nesa. Injiniya ya rufe akwatinsa, ya ce shi ba za ya sa hannu a kan wannan ba, kuma in an tambaye shi za ya faɗi abin da ya gani. Alhaji ya yi jim, sa'an nan ya ce, "Wanda za ya saya, shi ma ɗan wani ne." Ya juya ga ɗansa ya ce, "Ka ji dai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi." Yaron ya ce, "To, Baba." Aka tsaya a kan za a aika a kawo kayan, in an ɗaura wani injiniya dabam ya sake dubawa, a nemi iznin hukuma, kafin nan kuwa ba mai tayar da inji. Aka fitar da taki da masara daga rumfar, aka toshe kwano.

Abin da ya fi tsaya mini a rai, a matsayina na mai riƙon rajista, shi ne littafin jirgin. Kowane jirgi yana da littafi wanda ake rubuta awowin da ya yi a sama, da kowane gyara, da kowace muguwar sauka, da sunan wanda ya duba. Na wannan jirgi ya tafi daidai shekara da shekaru, sa'an nan ya yi shiru, shafuka fari fat. Dattijon ya ce ramin notin nan da ya yi tsawo yana nuna jirgin ya sha jijjiga ko ya taɓa dukan ƙasa da ƙarfi, amma ba a rubuta ba. Da an rubuta, da wanda ya zo baya ya san inda za ya fara dubawa. Ya sa na rubuta duk abin da aka gani, da kwanan wata, ya sa hannu a ƙasa. Mutane suna raina aikin akawu, suna cewa cin tawada ne. Amma layi ɗaya na gaskiya a rajista ya kan yi wa wanda ba ka taɓa gani ba tsaron rai, layin da aka ƙi rubutawa kuwa rami ne aka haƙa aka rufe da ciyawa.

Na san akwai masu cewa kwana in ya ƙare ya ƙare, ko an duba ko ba a duba ba. Gaskiya ne ajali yana hannun Allah. Amma malamanmu tun muna makarantar allo sun karantar da mu cewa tawakkali ba ya hana mutum ɗaure raƙuminsa, sun kuma karantar da mu cewa ɓoye aibin kaya ga mai saye algus ne, shari'a ta ba mai saye ikon mayarwa. To, buhun masara mai ƙwari a kan mayar da shi. Wanda fiffike ya ɓalle da shi, wa za ya mayar wa?

Kaɗan ne daga cikinmu za su mallaki jirgi, amma kowa yana da nasa fiffiken. Direban da ke ɗaukar mutane daga Ɗanja zuwa Funtuwa ran kasuwa yana da shi a ƙarƙashin motarsa. Shugaban makarantar da yara sittin ke zaune ƙarƙashin rufin aji guda yana da shi. Haka mai kula da gada, da mai tarakta, da mai rijiya. Mun iya saye, mun iya bikin buɗewa, mun iya fenti in babban baƙo za ya zo. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne mutumin da za ya tuɓe rigar ya haska tocila ciki, da maigidan da za ya saurari abin da aka gani ba tare da ya yi fushi ba. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Shawarata ga duk wanda aka danƙa wa abin da ke ɗaukar rayukan mutane ita ce, ya sa wa kansa lokacin dubawa, kada ya jira sai abu ya yi ƙara. In ya zo dubawa ya buɗe ya kai ido inda ba a so a kai, musamman mahaɗa. Abin da ya gaji ya canza shi, kada ya liƙe. Abin da ya gani kuma ya rubuta shi yadda ya ke, ko da rubutun za ya jawo masa asara ko baƙin jini. Samarinmu da ke sha'awar aikin jirgi, ga Zariya nan kusa, su sani riƙe sitiyari rabin aikin ne, ɗaya rabin yana hannun mai tocila da madubi wanda ba a ɗaukar hotonsa. Allah ya ba mu ikon riƙon amana, ya tsare matafiyanmu na ƙasa da na sama, amin.